Amsa: Ina zan samu takardun kakana na Haɗejiya?

Malam, ka ce kakanka haifaffen ƙasar Haɗejiya ne tun zamanin Turawa, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ba ka samu komai ba. Ba za ka samu a can ba, domin tsarin ƙananan hukumomi na yanzu a 1976 ya fara, ita kuwa Jigawa sai a 1991 aka cire ta daga Kano. Ka nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ka nemi kundin Lardin Kano, wanda suke yi wa laƙabi da KANOPROF. A ciki ka duba littafin gunduma da rahoton ƙiyasin haraji na yankinku. Daga nan ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da adana takardu, ita ma a Kaduna take.

Sharaɗi ɗaya: kada ka je da sunan kakanka kaɗai. Takardun an jera su ne bisa gunduma da shekara, kuma masu sarauta suka fi ambata, talaka bai cika fitowa ba sai in an yi shari'a da shi. Don haka ka fara zama da dattawan gida, ka rubuto sunan ƙauye, hakimi da dagacin lokacin, da sana'ar gidan. Ka lura Turawa na jirkita suna, Haɗejiya ma "Hadeija" za ka gani a wasu fayilolin. In an taɓa rabon gado ko rikicin gona, rajistar kotun alƙali ta fi amfani, don tana lissafa magada da sunayensu, sai dai ka tafi da mai karanta Larabci da ajami.