Shafinmu na alƙaluma ya jawo mana cece-kuce: ina muka kuskure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen ƙididdiga na wata hukuma. Mun ɗora sakamakon babban binciken gidaje a intanet, yadda kowa zai tace da kansa bisa yanki, shekaru, jinsi, ilimi da sana'a. Makon jiya wani ɗan jarida ya ciro adadi daga shafin ya buga, aka yi ta ka-ce-na-ce, alhali babu inda rahotonmu ya faɗi haka. Shugabana ya ce a ƙara madannai don mutane su fi fahimta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Kina da gaskiya da hankalinki ya ƙi kwanciya. Ko ban ga shafin ba, zan iya cewa ɗan jaridan bai yi ƙarya ba. Abin da kuka miƙa masa shi ya ɗauka.

Tsarin shafi ba shi da wuya. Tun 1996 wani masanin kimiyyar kwamfuta, Ben Shneiderman, ya tsara shi: a fara nuna hoton gaba ɗaya, sai mutum ya matso ya tace, cikakken bayani kuma sai ya nema. Shafin farko ya amsa tambayoyi uku ko huɗu da aka fi yi, sauran su jira a ciki. Ki gwada shi a waya, ki zaunar da mutum biyar waɗanda ba 'yan ofis ba, ki yi shiru ki kalli inda suke tuntuɓe.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunanin cewa tunda binciken babba ne, duk abin da aka ciro daga cikinsa ma ƙwaƙƙwara ne. Kusan kullum sai na ji wannan, har daga bakin masu kiran kansu ƙwararru. A ce kun tambayi gidaje dubu talatin. Mutum ya danna yanki, ya danna mata, ya danna masu shekara 15 zuwa 19, ya ƙara sana'a. Kafin ya ankara saura mutum bakwai. Uku sun ce eh ga wata tambaya, shafi ya rubuto masa kashi 43 da manyan haruffa, har da launi. Da mutum ɗaya ta canza amsa, da ya koma kashi 57. Mai karatu bai ga bakwai ɗin ba, 43 kawai ya gani, ga tambarin hukumarku a sama. To wa zai zarge shi?

An daɗe da warware wannan. A rahotannin DHS, wato binciken al'umma da lafiya da ake yi gida-gida a ƙasashe da dama, idan mutanen da aka tambaya ba su kai 25 ba, ba a buga kason, tauraro ake sakawa. Daga 25 zuwa 49 kuma a sa adadin cikin baka don gargaɗi. Abin haushi, hukumomin da ke kiyaye wannan a takarda su ne ke watsar da shi da zarar an zo intanet, wai ɗan kwangilar da ya gina shafin ya ce zai ɓata kyan shafi. Kyau ake nema ko gaskiya? Ga kuma batun sirri: idan rukuni ya ragu zuwa mutum biyu a ƙaramin yanki, maƙwabta ma za su gane waɗanda ake nufi.

Don haka ki sa yawan waɗanda aka tambaya ya bayyana a gefen kowane kaso, a wuri ɗaya, ba a ƙasan shafi da ƙananan haruffa ba. Idan an faɗa ƙasa da ƙa'ida, shafin ya ƙi lissafawa, ya ce a rage tacewa. Ki kuma bincika ko ɗan kwangilar ya yi amfani da ma'aunin nauyin samfuri, wato lissafin da ke daidaita amsoshin waɗanda aka tambaya don su wakilci jama'a gaba ɗaya, don na sha ganin an manta da shi ɗungurungum.

Shi kuwa shugaban naki, kada ki yi masa dogon bayani. Ki buɗe shafin a gabansa, ki danna sau huɗun nan, sannan ki nuna masa mutum nawa suka rage.