Lambar yabo a bangon littafin yara

Malama, kin tambaya ko lambar yabon da ke bangon ƙagaggen labarin tarihi ta isa hujjar saya wa ɗiyarki mai shekara 11. Ta isa a duba littafin, amma ba ta isa a yanke hukunci ba. Lambar Newbery, wadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke bayarwa tun 1922, ingancin rubutu take aunawa, ita kuwa ta Scott O'Dell an keɓe ta ga labaran tarihin nahiyoyin Amurka, kuma alƙalan duka biyun manya ne, ba yara ba. A ajina a nan Sakkwato, na fi amincewa da littafin da yarinya ta kammala, ta dawo tana tambayata yadda sa'o'inta suka rayu a Degel zamanin Shehu.