Kaɗaici da shaye-shaye: yadda suke ciyar da juna

'Yar'uwa, kin tambaya ko kaɗaici na da hannu a shaye-shayen da ƙanenki ya faɗa tun da ya rasa aiki ya kulle kansa a ɗaki. Kaɗaici yana da hannu dumu-dumu.

Hira da aminin da aka yarda da shi, dariya, ko a dafa wa mutum kafaɗa, duk suna sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaranta na sanyaya rai. Kodin, tiramadol da hiroyin wannan ƙofar suke bi. Wanda ya rasa jama'a sai ƙwaya ta maye masa gurbinsu, kunya ta sa ya ƙara ɓuya, ɓuyan ya ƙara masa sha.

Binciken wata masaniya, Lee Robins, kan sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam ya nuna kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, amma yawancinsu ba su sake kamuwa ba da suka dawo gida cikin jama'arsu.

Wani kuskuren da iyalai kan yi shi ne raba shi da abokan sha ba tare da cike gurbin ba. Ki gano lokacin da ya fi sha, galibi dare ne, a samu mai zama da shi a lokacin kullum, ko na minti 30, ban da faɗa. A ba shi aikin da ake jiransa a kai.

Idan barasa ko diyazefam yake sha kullum, kada ya daina rana ɗaya ba likita, yana iya jawo jijjiga mai kisa.