Shin Da Iliminsa Ake Haihuwar Mutum, Ko Koyo Yake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A darasin falsafa an karantar da mu cewa Aflaton na ganin ilimi tunawa ne kawai da abin da rai ya riga ya sani kafin haihuwa, shi kuwa Jon Lok na Ingila ya ce ƙwaƙwalwar jariri farar takarda ce, ji da gani ne ke rubutu a kanta. Da na koma ga nassi sai na ƙara ruɗewa: aya ta ce an fito da mu ba mu san komai ba, hadisi kuma ya ce ana haihuwar kowa a kan fiɗira. Wanne ne daidai? Mene ne kuma hukuncin wanda ya ce bai taɓa zama gaban malami ba, zuba masa ilimi aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ana haihuwar mutum da kayan neman ilimi da karkata zuwa ga gaskiya, amma shi kansa ilimin sai an koya. Babu karo tsakanin ayar da hadisin.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahli, aya ta 78: "Allah ne ya fitar da ku daga cikunan uwayenku ba ku san komai ba, ya sanya muku ji da gani da zukata, ko za ku gode." Kalmar "shai'an" nakira ce da ta zo bayan korewa, a ƙa'idar usulu kuwa irin wannan yana game komai, ƙarami da babba. Bayan an kore sanin sai aka ambaci ƙofofin da yake shigowa ta cikinsu. Wannan ya isa raddi ga maganar Aflaton. Alkawarin da ke cikin Suratul A'arafi, aya ta 172, shaida ce a kan cewa Allah ne Ubangiji, babu lissafi ko likitanci ko fiƙihu a cikinsa.

Hadisin fiɗira kuwa Bukhari da Muslim ne suka ruwaito shi daga Abu Huraira: kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke Yahudantar da shi ko Nasarantar da shi ko Majusantar da shi. Annabi (SAW) ya buga misali da dabbar da ake haifa gaɓoɓinta cikakku, mutane ne ke yanke mata kunne daga baya. Ibnu Abdil Barri, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya fassara fiɗira da lafiyar halitta da shirin karɓar gaskiya. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya rinjayar da cewa Musulunci ce, amma ya faɗa a sarari cewa ba ana nufin jariri ya fito ya san addini ba ne. Ya kwatanta ta da yadda jariri ke son nono tun ba a koya masa ba: karkata ce da ke ƙaruwa da girmansa matuƙar ba a gurɓata ta ba. A nan Jon Lok ya yi tuntuɓe. Ya yi daidai da ya ce babu rubutu a takardar, ya kuskure da bai ga cewa takardar tana da abin da ta fi karɓa ba.

Dubi yadda yaro ke koyon magana. Wajen wata shida yana gwaranci, wajen shekara ɗaya ya furta kalmarsa ta farko, kuma harshen masu rainonsa zai yi, ko da iyayen da suka haife shi wani yare suke yi. Shirin magana na halitta ne, kalmomin na koyo. Yaron da aka haifa kurma harshensa lafiya lau yake, amma ba ya magana saboda ƙofar ji a rufe take. Idan aka gane da wuri aka koya masa maganar hannu, sai hankalinsa ya buɗe kamar na kowa. Idan aka bar shi shekaru ba wani harshe, koyon yakan yi masa wuya ƙwarai. Don haka jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko ba ya waiwayar murya bayan ya yi watanni, a kai shi a duba kunnensa, wannan yana cikin haƙƙinsa a kan iyaye.

Malaman usulu sun kasa ilimi biyu: na larura, wanda ba ya buƙatar tunani, kamar sanin cewa wuta na ƙuna ko ɗaya rabin biyu ne, da na nazari, wanda sai an bi dalili. Ko na larurar ma sai hankali ya fara nuna kuma gaɓoɓi sun yi aikinsu. Ba a musun cewa mutane sun bambanta a baiwa. Annabi (SAW) ya ce mutane ma'adinai ne, zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓu a Musulunci, sai ya sa sharaɗi: idan sun fahimci addini.

Sai batun mai da'awar an zuba masa ilimi, wanda ya fi komai haɗari a tambayarka. Irin waɗannan sukan kafa hujja da Hadiru a Suratul Kahfi, aya ta 65. Shi Hadiru da bakinsa ya ce a aya ta 82 bai aikata abin da ya aikata da ra'ayin kansa ba, shi ya sa malamai da yawa suka ce annabi ne, wahayi kuwa ya yanke. A cikin ƙissar ma Annabi Musa ne ya yi doguwar tafiya, ya gaji, ya roƙi a bar shi ya bi don a koya masa. Sukan kuma kawo ƙarshen aya ta 282 ta Baƙara: ku ji tsoron Allah, kuma Allah yana sanar da ku. Fi'ilin "yu'allimukum" da rufu'a ya zo, da jawabin sharaɗi ne da an yi masa jazmu. Taƙawa tana sa albarka da fahimta a karatu, ba ta ɗauke wa mutum karatun.

Ilhama gaskiya ce, kuma Annabi (SAW) ya ce idan akwai wanda ake yi wa ita a al'ummarsa to Umar ne. Amma wannan Umar ɗin, da Abu Musa ya kawo masa hadisin neman izini sau uku, bai san shi ba, ya ce ciniki a kasuwa ne ya shagaltar da shi. Idan ilhama ba ta sanar da Umar hadisi ɗaya da ya wuce shi ba, wa za ta sanar wa shari'a gaba ɗaya?

Saboda haka ba ya halatta a ɗauki hukuncin halal da haram daga mafarki ko ilhamar wani, kuma ba ya halatta shi ya yi fatawa da su. A tambaye shi wurin wa ya yi karatu, wane littafi ya sauke, mene ne dalilinsa. Abin da ya faɗa a auna shi da Alƙur'ani da Sunna: in ya dace, nassin aka bi, in ya saɓa a bar masa kayansa, a kuma yi masa nasiha ya je ya zauna gaban malamai. Wallahu a'alam.