Wace ce waƙar Jim Reeves ta ƙarshe da ta yi tashe?

Tambaya: Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kaset-kaset na Jim Reeves waɗanda yakan saurara da yamma. Ni da yayana mun yi gardama a kansu. Shi ya ce "Distant Drums" ce waƙar mawaƙin ta ƙarshe da ta yi tashe, ni kuwa na ga an ce ta fito a 1966, alhali mutumin ya mutu tun 1964. Yaya aka yi matacce ya fitar da sabuwar waƙa? Sannan shi mawaƙin kantiri ne, wato kiɗan karkarar Amurka, ko na waƙoƙin gama-gari da ake kira pop?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa. Kai da yayanka kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma ba za a raba gardamar ba sai an fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa muryar wannan mutum ta ci gaba da kawo kuɗi shekaru da yawa bayan an binne shi.

An haifi James Travis Reeves ranar 20 ga Agusta, 1923, a ƙauyen Galloway da ke gabashin jihar Teksas ta Amurka. Ya so ya zama ɗan wasan besbol, har ya buga wa ƙananan ƙungiyoyi, sai rauni ya raba shi da filin wasa ya koma aikin gabatar da shirye-shirye a rediyo. Wannan aiki ne ya kai shi tashar KWKH ta birnin Shreveport, mai shirin waƙe-waƙe na Louisiana Hayride, inda ya fara samun masu sauraro a matsayin mawaƙi. Waƙarsa "Mexican Joe" ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri a 1953, "Bimbo" ta biyo baya, a 1955 kuma ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na RCA Victor. Wanda ya saba da Jim Reeves na kaset ɗin mahaifinku zai yi mamaki idan ya ji waɗannan waƙoƙi na farko, saboda a cikinsu yana ɗaga murya ne da ƙarfi, kamar yadda mawaƙan karkarar Teksas suka saba yi a wancan zamani.

Sauyin ya zo a 1957 da waƙar "Four Walls", wadda ya ɗauka tare da furodusa Chet Atkins. Ya matso da bakinsa dab da makirufo, ya sassauta murya zuwa ƙasa, ya rera kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a cikin ɗaki. A daidai lokacin ne masu shirya faifai a birnin Nashville suke neman hanyar tsira daga kiɗan rok, wanda ya kwashe musu matasa, sai suka rage gogen Turawa da gitar ƙarfe mai kuka waɗanda mutanen birni ke yi wa kallon kayan ƙauye, suka maye gurbinsu da piyano da 'yan amshi masu taushin murya. Wannan salo shi ake kira sautin Nashville, kuma muryar Reeves ta dace da shi fiye da ta kusan kowa. Amsar tambayarka ke nan: asalinsa ɗan kantiri ne, amma da gangan aka gyara kiɗan don ya shiga gidajen da ba sa sauraron kantiri. Babbar shaida ita ce "He'll Have to Go", wadda ta yi makonni 14 a matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri a 1960, ta kuma kai matsayi na biyu a jadawalin gama-gari na Amurka. A ganina wannan sassaucin murya da fitar kalmomi ɗaya bayan ɗaya su ne suka sa ya karɓu a ƙasashen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne, daga Norway zuwa Indiya da Siri Lanka da Najeriya, domin ko mai ƙaramin Turanci yana iya bin abin da yake faɗa. A Afirka ta Kudu har fim ya yi, mai suna Kimberley Jim, ya kuma rera waƙoƙi da harshen Afirkans.

Ranar 31 ga Yuli, 1964, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama daga Batesville ta jihar Arkansas zuwa Nashville, tare da makaɗin piyanonsa Dean Manuel, suka shiga hadari mai ƙarfi a kusa da Brentwood, jirgin ya faɗi. Sai ranar 2 ga Agusta aka gano tarkacensa a cikin daji. Reeves yana da shekara 40.

Yanzu ga asalin gardamarku. Reeves mutum ne mai yawan ɗaukar sauti, a situdiyon kamfani da kuma a gidansa, don haka ya bar tarin waƙoƙin da ba a fitar ba, wasu kammalallu, wasu kuma gwaji ne kawai. Matarsa Mary Reeves ce ta riƙe wannan gado, ta riƙa sakin waƙoƙin kaɗan-kaɗan tare da RCA, ana ɗaukar muryarsa daga tsohon tef a ɗora mata sabon kiɗa. Waƙoƙinsa shida ne suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri bayan mutuwarsa. Ta farko ita ce "I Guess I'm Crazy", wadda ta fito gab da hatsarin ta kuma kai ƙololuwa bayansa. Idan abin da kake nufi shi ne waƙar ƙarshe da ya san an fitar da ita, to ita ce. Ta ƙarshe a cikin shidan kuwa ita ce "I Won't Come In While He's There", a 1967, shekarar da aka shigar da sunansa zauren karrama mawaƙan kantiri.

"Distant Drums" tana tsakiyar wannan jeri, amma ta fi sauran nauyi. Marubuciyar waƙoƙi Cindy Walker ce ta tsara ta, kuma Reeves ya rera ta ne a matsayin gwaji, ba da niyyar sayarwa ba. Bayan mutuwarsa aka ɗora mata kiɗan taron makaɗa aka sake ta a 1966. Labarinta na saurayi ne da ke roƙon budurwarsa su yi aure tun kafin gangar yaƙi ta kira shi, kuma ta fito ne a lokacin da Amurka ke tura samari yaƙin Biyetnam, abin da ya ba ta ma'anar da ba lalle mawaƙin ya yi tunaninta ba sa'ad da yake rerawa. Ta zama ta ɗaya a jadawalin kantiri na Amurka, amma abin da ya fi ba da mamaki ya faru ne a Birtaniya, inda ta yi makonni biyar a matsayi na ɗaya a jadawalin gama-gari, a shekarun da ƙungiyar mawaƙa ta Beatles da takwarorinta suka mamaye kasuwa. Ita ce kaɗai waƙarsa da ta taɓa kai wannan matsayi a can, duk da cewa "I Love You Because" da "I Won't Forget You" sun yi kasuwa sosai a 1964. Saboda haka idan ana maganar waƙar ƙarshe da ta tsallake iyakar kantiri ta mamaye masu sauraro na gama-gari, yayanka ne ke da gaskiya, kuma ni ma ita zan ambata idan aka ce in zaɓi ɗaya.

Akwai saura guda da ya kamata ka sani, ko da yake ni ba na lissafa shi cikin aikin Reeves na haƙiƙa. A 1979 da 1980 an haɗa tsohuwar muryarsa da ta wata matashiyar mawaƙiya, Deborah Allen, waƙoƙin suka shiga goman farko a jadawalin kantiri. A 1981 kuma aka haɗa muryarsa da ta mawaƙiya Patsy Cline, wadda ita ma hatsarin jirgin sama ya kashe a 1963, a waƙar "Have You Ever Been Lonely". Su biyun ba su taɓa ɗaukar waƙa tare ba suna raye. Kowannensu ya rera ta shi kaɗai, injiniyoyi ne suka daidaita tef biyun suka yi musu sabon kiɗa. Waƙar ta kai matsayi na biyar a jadawalin kantiri a farkon 1982, sama da shekara 17 bayan faɗuwar jirgin a Brentwood.