Kaki ba na jirginmu ba ne

Ɗana, ka ce ka ga Bature a waya ya ɗora katakon zamiyar ƙanƙara bisa teburi, yana ɗiga masa kaki da dutsen guga yana shafewa, kana tambaya ko mu ma in mun yi wa gindin jirgin ruwa haka zai ƙara gudu. Tambayar mai sa ido ce, ajiye gizagon ka zauna.

Abin nan da suke takawa su gangaro daga duwatsun Siwizalan da Ostiriya, ƙasansa ba itace ba ne, roba ce mai tauri. Gefensa biyu ƙarfe ne, ana wasa shi da magagari don ya kama ƙanƙara wurin shan kwana. In robar ta gogi dusar ƙanƙara, zafin gugar kan narkar da ita kaɗan, ɗan ruwa ya shiga tsakani, kan wannan ruwan ake sulalewa. Aikin kakin shi ne ya hana ruwan riƙe robar. Shi ya sa kakin tsananin sanyi daban, na ranar da ƙanƙara ta yi laushi daban. Da ka kalla har ƙarshe, da ka ga in ya huce kankare shi suke yi kusan duka, su bi da burushi. Kuma bayan 'yan kwanaki ana hawa, sai an sake.

To, kawo shi nan bakin ruwan Yawuri. Kakin zuma yana narkewa da zafi ya ɗan haura digiri 60, tun kafin nan ma ya yi laushi. Mu kuwa a bazara zafinmu yana wuce 40 ko a inuwa, balle baƙin katakon da ya yini a rana. Jan farko da za a yi wa jirgin a gaɓa, yashi ya cinye kakin. Sannan jirgi ba saman ruwa yake zamewa ba, cikinsa yake yana ture shi. Gudunsa yana ga tsawonsa, da yadda aka fiƙe goshinsa, da kayan da aka labta masa. In kana son ya yi sauƙin tuƙi, kife shi ka kankare gansakukar da ta kama gindinsa, ka kwarfe ruwan da ya kwanta ciki.

Inda nake so ka sa hankalinka shi ne mahaɗar katako. Nan ran fasinja yake. Itace, ko maɗaci ne ko kawo, in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke. Jirgin da ke ruwa kullum, katakonsa sun matse juna. Wanda aka fitar aka bar wa iskar hunturu, mahaɗarsa za ta buɗe har ka hango haske ta ciki. Saboda haka kada ka bar jirgi a fili ya daɗe. Ko ka mai da shi ruwa, ko ka kai shi inuwa ka lulluɓe.

Ranar liƙi, fara tone tsohon tsumman da ya ruɓe, kada ka ɗora sabo bisa matacce. Bari ramin ya bushe sarai, don kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace. Za ta yi kyau a ido, ta ɓamɓare cikin ruwa. Ka murza auduga ko tsumma kamar lagwani, ka riƙa cusawa da ƙarfe marar kaifi, kana bugu a hankali. Kunnenka zai gaya maka: in wurin ya cika, ƙarar bugun takan canza. Kada ka cika ƙarfi, don in katakon ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage ko ya ture ƙusa. Bayan nan ka zuba kwalta da zafinta. Ka bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda itacen kewayenta ya yi baƙi ya yi laushi, tsatsa ta ci ta, fitar da ita.

Baƙin man inji kuwa, da wasu ke shafa wa jirgi, ban yarda da shi ba. Ruwan nan shi muke sha, kifinsa muke ci. Su kansu masu wasan ƙanƙarar, hukumarsu ta duniya ta hana wani irin kaki a gasanninta tun 2023, saboda sinadarin da ke cikinsa ba ya ruɓewa, yana zama cikin ƙasa da ruwa.

Ruwanmu ba abin wasa ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ya shafe dazuzzuka, har yau akwai kututture a ƙarƙashi. Ba mu manta watan Mayun 2021 ba, da jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa, mutane masu yawa suka rasu, Allah Ya jiƙansu.

Gobe da sassafe mu kife jirgin can na gindin giginya. Kai za ka duba mahaɗar da hannunka, ka nuna mini inda za mu tone.