Me ya sa kawa take yawan fitowa a labarai?

Malam ka tambaya me ya sa marubuta suke kawo kawa (wato oyster da Turanci) in za su nuna haɗamar ɗan Adam, to ai ba banza ba. Wannan halitta mai ɓawo biyu tace ruwan teku take yi, babba ɗaya kan iya tace kusan lita 190 a rana, in suka manne da juna kuma nan kifaye da ƙaguwa suke fakewa. Dubi New York, da can kawa birjik, talaka ma a bakin titi yake saya ya ci, aka yi ta kwasa ana zuba ƙazanta a ruwan har a 1927 aka rufe wurin kamunta na ƙarshe, wallahi abin da ciwo. Yanzu masu wani shiri na dawo da kawa ruwan New York, mai suna Billion Oyster Project, ke tattaro ɓawon daga gidajen abinci suna mayarwa ruwa domin ƙananan su samu wurin mannewa.